Hannun da Kabeji Bai Sauke Ba

In ka bi layin masu gyaran waya, ka wuce shagon mai walda, za ka ga wata 'yar rumfa mai ƙofar kwano wadda ba ta rufuwa sai an taimaka mata da ƙafa. Nan Kabeji yake zama. Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma wa ke kawo rediyo yanzu? Yawanci fanka za ka same shi yana kwancewa, ko tocila, ko dutsen guga. Dogo ne siriri, furfura ta cinye masa gefen kai guda ta bar ɗayan. Ga shi da kunne na ban mamaki. Yana zaune zai ce maka sarƙar babur ɗin da ya wuce ta saki, kuma in ka tsayar da mai babur ɗin ka duba, haka za ka tarar.

Kabeji dai ba sunan yanka ba ne, kai ma ka sani. A wurin fim ya samo shi. Shekara goma sha huɗu ya yi yana haɗa sauti a finafinan faɗa, irin waɗanda ake yi da kyamarar haya guda ɗaya da abokai goma da ranakun hutu. Duk naushin da ka ji ya ce tim a cikin finafinan nan, kabeji ne ya sha sanda a ɗakinsa. Karayar ƙashi busasshen kara ne. Iskar da ƙafa ke yi in jarumi ya tashi sama, igiyar shanya ce yake kaɗawa a bakin makirfo. Matarsa ta daɗe da daina tambayar dalilin da ya sa cefanenta ke dawowa a farfashe.

Masu ilmin fim suna raina waɗannan finafinan, kuma ni ba zan yi musu ƙarya in ce ba su da hujja ba. Jinin tumatir ne, kowa ya sani. Mugu zai mutu a minti na ashirin, ya dawo a minti na hamsin da gashin baki na manne a matsayin wani mugun daban. Inuwar mai kyamara tana yawo a bango kamar da ita aka rubuta labarin. Labarin ma kullum ɗaya ne: an kashe malamin jarumi, jarumi ya tafi ramuwa. To, amma fa tsalle na gaske ne. Babu igiya, babu na'ura mai gyara hoto. In ka ga mutum ya diro daga katanga, to wallahi ya diro, da ƙafarsa da ƙashinsa. Kuma masu tura baro da masu dako da suka yini ana yi musu tsawa, su ne ke cika gidan kallo da yamma su ga wani mai kama da su, da silifa irin nasu, ya shimfiɗe ƙarti goma. Su fito suna tafiya da ƙirji a gaba. Duk mai raina wannan, bai taɓa yini ana yi masa tsawa ba.

Jarumin da suke zuwa kallo shi ne Walƙiya, ƙanin Kabeji uwa ɗaya uba ɗaya. A gida Auta ake ce masa. Mai facin taya ne a bakin titi, gajere, jikinsa kamar roba. Yana iya taka bango taku uku ya juyo ya sauka a bayanka kafin ka gama salati. Abu ɗaya Allah ya rage shi da shi, yana i'ina. Ba 'yar ƙarama ba. In kalma ta sarƙe masa, sai jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya runtse ido, ya buga cinya, sannan ta fito. Tun suna yara Kabeji ne bakinsa. Shi ke sayo masa abu a kanti, shi ke amsa masa tambayar malami, shi ke zagar masa duk wanda ya kwaikwaye shi.

Da aka shiga fim ma haka aka ci gaba. Yadda suke aiki shi ne, sautin wurin ɗauka ba ya amfanuwa, ga iska, ga janareta, ga masu leƙe suna dariya. Sai Kabeji ya riƙa naɗa a kaset don kawai ya san wa ya ce me, bayan an gama ya koma ɗakinsa da ya lulluɓe da barguna da kiret ɗin ƙwai, ya sake ɗora muryoyin daga farko. Shi kaɗai yana yin mutum shida. Muryar Walƙiya kuwa, wadda 'yan kallo suka haddace, mai kauri, mai fita sumul kamar an shafa mata mai, tasa ce. Fim goma sha ɗaya, bakin Auta yana motsi, Kabeji yana magana.

Kaset biyar ne da shi duka-duka na wannan aikin. In fim ya ƙare sai ya naɗa na gaba a kansu. Auta ma da kansa yake zuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Yaya, ka g-g-goge ko? Kar w-wani ya ji."

"Na goge, sarkin tsoro. Je ka yi wanka, kana warin taya."

Kaset ɗaya ne ba ya gogewa, mai jan tambari. A cikinsa yake tara sautukan da suka yi kyau a wurin ɗauka: ƙofar da ta ɓalle da gaske, kwalbar da ta fashe, faɗuwar mutum a kan kwali. Don samun irin waɗannan ya kafa doka. Duk lokacin da za a yi babbar faɗuwa, zai ɗaga hannu sama. Muddin hannun nan yana sama, ba mai motsi, ba mai tari, har Darakta mai ba da umarni. Sai ya sauke sannan a numfasa. Har wasa ake yi da abin, in surutu ya yi yawa a wurin mai shayi sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Hannun Kabeji!" a kwashe da dariya.

A fim na goma sha ɗaya aka nemi Walƙiya ya diro daga saman wani bene da ba a gama ginawa ba. Katifa ba su da ita, kwalaye suke jerawa hawa-hawa, kuma sun yi haka ya fi sau talatin lafiya lau. Sai dai an yi ruwa ana gobe ɗauka, kwalayen ƙasa sun jiƙe, na sama ne kawai suka bushe. Ba wanda ya ɗaga ya duba. Mai kyamara yana ta duba agogo don da la'asar zai mayar da kyamarar wurin haya. Kabeji ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya zuba wa allurar na'ura mai nuna ƙarfin sauti ido, ya ɗaga hannu. Auta ya diro.

Wannan kunnen da ke jin sarƙar babur ta saki, kana tsammanin bai bambance busasshen kara da ƙashin mutum ba? Ya bambance. Ya ji ƙarar, ya ji ihun, ya ji abin da Auta ya ce bayan ihun. Amma hannun ya saba, shekara da shekaru ba ya sauka sai allura ta kwanta. Mutum goma sha biyu suna tsaye kamar gumaka suna kallon hannun nan. Daga baya ya auna a kaset, sakan tara ne. Likita ya ce ko da an ɗauke shi a sakan na farko ba abin da zai canza, ƙashin baya ya riga ya taɓu. Kabeji ya ji, ya gyaɗa kai, amma maganar ba ta taɓa shiga inda ya kamata ta shiga ba.

Shekara biyu Auta ya yi a kwance a ɗakin mahaifiyarsu, Inna, tana juya shi, tana shafa masa mai. Bai daina raha ba. Wata rana Darakta yana ta ƙorafin ba a samu ihun kirki da za a sa wa mugu a sabon fim ba, Auta ya ji labari, ya kira wansa.

"Yaya, s-sa nawa mana. Ko ba k-k-komai, muryata ta shiga fim s-sau ɗaya."

Kabeji ya ce ba zai yi ba. Auta ya nace, yana dariya har da tari. Ƙarshe ya yanko ihun kaɗai, ya bar sauran. Ihun ya yi kyau, kaico, ya yi kyau ƙwarai. A finafinai huɗu aka sa shi a bakin miyagu in an wurgo su daga sama, 'yan kallo suna tafi suna cewa Allah ya ƙara. Bayan rasuwar Auta, Kabeji ya ɗan ƙara lallaɓa aikin fim, sannan ya kwashe bargunan bango ya ba maƙwabta, ya kama wannan rumfar. Kaset mai jan tambari ya shige ƙasan akwati, cikin tsohuwar safa.

Shekaru suka ja. Inna ta dawo gidansa da zama, ciwon suga ya cinye mata ido, sai dai haske da duhu. Ita ba ta ce masa Kabeji, Babba take ce masa. Wata rana da la'asar ya dawo daga rumfa ya same ta a tsakar gida, ta jingina da bango, tana murza bakin zanenta.

"Babba, zo ka ji. Wani abu ke damuna."

"Ƙafar ce, Inna?"

"Ba ƙafa ba. Muryar Auta ce take gudu daga kaina. Fuskarsa tana nan, har tabon goshinsa ina gani. Amma in na ce bari in ji yana kirana, sai in ji shiru. Jiya na yini ina nema." Ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashinsa. "Ka sa mini fim ɗinsa mana. Tunda ba na gani, ai ina ji."

Ya san muryar wa za ta ji. Amma me zai ce? Ya kakkaɓe tsohuwar na'ura, ya sa fim na uku, wanda aka fi so. Walƙiya ya fito yana faɗa wa shugaban miyagu cewa yau ƙarshensa ya zo. Inna ta karkata kai, ta saurara, sai ta yi 'yar dariya.

"Kai, Babba! Wannan ai kai ne kake kumbura wuya. Haka kake yi tun kana yaro in kana son a ce ka girma. Wuce nan, kai ni inda shi yake magana."

Ya wuce gaba. Ya canza fim. Cikin kwana uku suka bi duk goma sha ɗaya, tana zaune da haƙuri, hannu a kunne. Ko'ina shi ne. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsohon malami mai tari. A wani fim na daban da ya gwada, mugu ya faɗo daga rufi da ihun nan, Kabeji ya yi wuf ya rage sauti kafin ya kai kunnenta. Ta ce me ya faru, ya ce waya ce ta motsa.

Sai ya shiga nema kamar mai neman ɗan da ya ɓata. Ya je wurin Darakta, wanda yanzu, in ka yarda, katifa yake sayarwa. Shago cike da katifu har rufi. Kabeji ya tsaya yana kallonsu, Darakta ya kau da kai.

"Wallahi Kabeji, kayan nan gara ta cinye tun ina tsohon gida. Kuma ko suna nan, ai hoto ne kawai. Sauti wurinka yake. Kai ne mai gogewa."

Ya bi 'yan uwa masu bidiyon taro. Ya samu uku da Auta a ciki. A ɗaya yana ɗaukar kujeru, a ɗaya yana murmushi a bayan mutane, a na ukun mai kyamara ya miƙa masa makirfo, ya rufe baki da hannu ya gudu. Haka ya rayu, yana ɓoye muryarsa, wansa yana taya shi.

Daga nan Kabeji ya yi abin da ya fi iyawa, kuma ni ban ga laifinsa ba. Ya rufe ƙofar rumfa da tsakar rana, ya rataya bargo, ya ɗauko tsohon kaset. Ya ƙanƙance murya, ya sarƙe harshe, ya yi gaisuwa irin ta Auta: "I-i-inna, ina k-kwana." Ya sake ya fi sau arba'in. Ya ƙara masa shuu irin ta tsohon naɗi, har da ƙarar mota daga nesa. Da ya saurara shi kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi. Ya kai gida ya ce ya tsinta a cikin tarkace.

Inna ta ji sau ɗaya. Ta ce a sake. Sannan ta laluba ta kamo hannunsa.

"Allah ya yi maka albarka, Babba. Ka yi ƙoƙari. Amma kai in ka sarƙe, jira kake yi kalmar ta zo. Shi kokawa yake yi da ita, har sai ka ji tausayin kalmar." Ta saki hannun. "Kar ka ƙara yi mini haka. Ɗan abin da ya rage mini a kai, naka zai hau kansa ya goge."

Wannan kalmar, goge, ita ta karya shi. Ya fita bayan gida ya tsuguna ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza.

Inna ba ta sake tambaya ba, kuma wannan ya fi tambayar ciwo. Ta rage cin abinci. Sai ka ga bakinta yana motsi ita kaɗai, tana gwada kira tana saurare. Matarsa ce ta tare shi wata safiya yana ɗaure takalmi.

"Maigida, ni fa na san abin da ke cikin safar nan ta ƙasan akwati."

"Ba ki san komai ba."

"Na sani. Shekara nawa ina ninke kayanka? Tsohuwar nan kullum ƙara ramewa take. Muryar ɗanta take so."

"Ihu ne! Ihun ciwo ne! Shi zan sa wa uwa a kunne?"

"Ihun kake jiye mata, ko abin da ke bayansa kake jiye wa kanka?"

Ya fita, ƙofar rumfa ta ƙi buɗuwa, ya yi ta harbinta har mai walda ya leƙo. Yini guda bai ɗaura ko waya ɗaya ba. Da la'asar ya dawo, ya buɗe akwati.

Ya zauna gabanta a kan tabarma, na'ura a tsakaninsu. Ya gaya mata gaskiya, cewa na ranar faɗuwar ne, cewa ba daɗin ji, cewa in ta ce a bari za a bari. Ta gyara zama ta ce, "Ni na yi jinyarsa shekara biyu. Wane ihu ne ban ji ba? Sa."

Ya wuce ƙofar da ta ɓalle, ya wuce kwalba, ya wuce faɗuwa ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Da ya zo kan ta Auta, ya danna.

Iska. Muryar Darakta daga nesa tana cewa a fara. Takun gudu a kan siminti. Sai ƙarar, sai ihun. Inna ta zabura, ta dafe ƙirji. Sannan muryar ta fito, siririya, ta yaro, ba ta kama da ta Walƙiya ko kaɗan:

"Yaya! Yaya, zo ka ɗaga ni!"

Bayan nan shiru. Iska tana kaɗa wata leda. Wani tsuntsu. Numfashin Auta yana fita da ƙyar. Sakan tara, Kabeji ya san kowane ɗaya daga cikinsu. Sannan hayaniya ta ɓarke, kaset ya yanke.

Hawaye na bin kumatun Inna, amma fuskarta ta washe kamar wadda aka yi wa albishir.

"Shi ne," ta ce. "Auta ne. Ka ji, Babba? Bai sarƙe ba. Ko sau ɗaya bai sarƙe ba." Ta share fuska da bakin mayafi. Can sai ta ɗan karkata kai. "Kai yake kira. Kana ina?"

"Ina nan, Inna. Kusa da shi."

"Kusa?"

"Taku biyar."

"To ban ji ka amsa ba."

Ya buɗe baki zai yi bayanin allura da doka da sabo, ya ga babu wanda zai iya ɗauka ya ajiye a gaban wannan tsohuwar. Ya ce, "Hannuna yana sama. Aiki nake yi."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta laluba ta taɓa na'urar, ta shafa ta kamar kan jariri.

"Mayar da shi baya. In ya kira, ka amsa masa."

Ya mayar. Iska, takun gudu, ƙarar, ihun. "Yaya! Yaya, zo ka ɗaga ni!" Mutumin da ya yi wa jarumi magana a fim goma sha ɗaya, mai murya shida a maƙogwaro, ya nemi guda ɗaya ya rasa. Leɓɓansa suna motsi, ba abin da ke fita. Leda tana kaɗawa a cikin kaset, Auta yana numfashi, yana jira.

Inna ta ba shi sakan uku ko huɗu. Sannan ta sunkuya kusa da lasifika, ta sassauta murya yadda take yi in tana juya shi a kan shimfiɗa.

"Yi haƙuri, Auta," ta ce. "Ga yayanka nan zuwa."